Tarwadar Baba a Tafkin Kwal

Da na samu aiki a wurin haƙar kwal, can kudu da mu, abin da ya fi ba ni wahala shi ne yi wa Baba bayanin aikin. Baba masunci ne a Gashuwa, tun yana kifa ciki a kan gora yana bin kogi har gwiwa ta fara yi masa gardama. Shekarun nan laka da ciyawar kacala sun toshe mashigin da yake su, bandar da yake aikawa kasuwar Nguru ta koma tarihi. Abin da ya rage masa shi ne ɗan rami a bayan gida, inda yake kiwon 'yan tarwada.

Da na zo hutun Sallah ya zaunar da ni, ya ce, "To, me ake ba ka albashi ka yi?"

Na ce, "Laka nake tarewa, Baba."

Na yi iyakar ƙoƙarina. Na ce idan an yi ruwan sama, yakan wanko baƙin taɓo daga ramin kwal. Doka ta hana a sake shi haka cikin rafi, don haka aka haƙa tafkuna a jere. Ruwan yana kwantawa a na farko, laka ta zauna, ya tsallaka na gaba, har ya fita garau. Ni ne mai duba bakin tafkunan, in kira mota ta kwashe lakar idan ta taru. Na nuna masa hoto a waya.

Ya daɗe yana kallo. "Wane kifi ne a ciki?"

"Babu kifi."

"Wa ke da ruwan?"

"Kamfani."

"Kamfanin ba ya cin kifi?"

A nan na fara rikicewa ni ma. A wurinmu jan ruwa shi ne arziki, shi ke kawo kifi, shi ke shimfiɗa wa shinkafa sabuwar ƙasa. Ruwan da ake hango ƙasansa kuwa alamar rani ne da yunwa. Ga shi ni ana biyana in mai da ruwa haka, kuma ma'aikatan muhalli su zo da 'yan kwalabensu su ɗiba, su ce madalla.

Ranar komawata ina tasha sai ga shi a kan babur, riƙe da jarkar da aka yanke wa kai. Ya yashe ramin nan kaf, ya zuba 'yan tarwadar a ciki.

Ya ce, "Ruwan naku ba a ba shi iri ba ne. Ɗan masunci yana gadin tafki babu kifi, ai abin kunya ne. Ka zuba. In sun yi, ka samu ruwan kanka, tunda nawa ya mutu."

Na buɗe baki in ce ba za a yarda ba, sai kawai na miƙa hannu na karɓi jarkar. Haka na rungume ta har Potiskum da gaba, fasinjoji suna tsaki, ruwan ƙarni yana jiƙa mini wando.

A wurin aiki na yi ta jujjuya maganar. Babu wanda ya taɓa cewa a zuba kifi, babu kuma wanda ya ce kada a zuba, don ba wanda abin ya taɓa zo wa a rai. Na tambayi shugabana ko ruwan tafkin ƙarshe lafiyayye ne. Ya ce ai gwajin da aka yi kwanan nan ya nuna ya cika ƙa'ida. Na ce to kifi zai rayu? Ya dube ni kamar na tambaye shi kuɗin sadakin aljana, ya ce wannan ba ya cikin abin da ake aunawa.

Na zuba su a tafkin ƙarshe, wanda ya fi kowanne haske. Tarwada ce fa, kifin da ke shiga taɓo ya jira damina. Ban yi zaton akwai ruwan da zai gagare ta ba.

Ba a yi mako ba na fara tsintarsu a baki-baki, ciki sama. Har yau ban san dalili ba. Wani ya ce tsamin kwal ne, wani ya ce yunwa ce, tunda mun tace duk abin da za su ci. Wani ya ce wahalar mota. Ruwan dai yana nan garau, yana gangarawa rafin da ke bi ta ƙauye, takardar gwajinsa kuma lafiya lau. Na haƙa rami na binne su, raina a ɓace, ban ma san wa nake fushi da shi ba.

Baba yana kirana duk Juma'a bayan masallaci. Na yi ta fatan ya manta, amma ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Sun fara girma?"

Na ce, "Baba, sun mutu. Dukansu."

Na shirya jin faɗa, don na san ramin bayan gida yanzu babu ko ɗaya. Da ya yi magana muryarsa ta sauya.

Ya ce, "Kai yaro, bar maganar kifi. Kai wane ruwa kake sha a can?"