Buhun Ƙyallen Inna Hajara

Ina tsaye a bakin murhu ina suyar ƙosan buɗa-baki, a farkon azumin bana, ƙanwata ta kira ni daga unguwarmu ta Sheshe. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba ta ce, "Yaya Saudatu, Inna Hajara ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauke kaskon, na nemi wuri na zauna. Mun san ta daɗe tana jinya, amma wallahi ban taɓa kawo wa raina za a yi Sallah a lungunmu babu ita ba.

Ba ita ta haife ni ba. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Ɗinki ne sana'arta, da tsohon kekenta na ƙafa, kuma ba ta taɓa zama mai hali ba. Amma duk wanda ya tashi a Sheshe ya san ta da buhun ƙyalle. Tun watan Rajab take bin shagunan teloli a Ƙofar Wambai tana cewa, "Ɗan nan, abin da ya faɗi ƙasa nawa ne, kada ka share." Suna yi mata dariya, suna kuma tara mata.

Idan azumi ya shiga goman ƙarshe, sai ta shimfiɗa tabarmi a zaurenta bayan azahar, ta zazzage buhun, yaran unguwa mu cika wurin. Da ƙyallen muke ɗinka 'yan jakunkunan goro, mu yi wa maficin kaba baki mai launi. Ƙwallon dabinon da aka ci a buɗa-baki ba a zubarwa a lungunmu: a wanke, a shanya, a huda da ƙusa mai zafi, a shirya carbi. Tsohuwar kalanda da kwalin sukari mu yanka su tutoci, ta dama mana garin rogo ya yi danƙo, mu liƙa a zare, a ja daga wannan soro zuwa wancan. Zare da allura kaɗai take saye. Idan wata uwa ta ce bana babu halin yi wa yara komai, sai ta ce, "Ke dai turo min su da almakashi."

Inna tana da dokoki biyu, kuma ba ta ɗaga ƙafa a kansu. Ta farko, ba ka taɓa allura sai ka faɗi wanda za ka yi wa kyautar. Ba uwarka ba, ba ubanka ba, ba kuma wanda zai ba ka barka da Sallah ba. Sai ta tsare ka da ido ta ce, "Wa ka sani da zai wuni ranar Sallah ba wanda ya yi masa sallama?" Ta biyu, babba ba ya gyara aikin yaro, komai muninsa.

Shekarar da na fara zuwa, ina 'yar firamare, na ambaci Iya Falmata, wata 'yar asalin Barno da ke zaune a unguwar Dukawuya, wadda 'ya'yanta duk suka riga ta gidan gaskiya, idonta kuma ya soma tafiya. Jakar goron da na ɗinka mata ta fito a karkace, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mahaifiyata ta gani ta ce wannan ai abin kunya ne, ta ɗauko reza za ta warware. Inna ta riƙe hannunta. "Bar mata," in ji ta. "Idan kika gyara, ya zama naki. Tsohuwar nan ba jaka ta rasa ba." Ranar Sallah na kai. Iya Falmata ta bi ɗinkin da yatsa har ta iso inda ya karkace, ta yi dariya ta ce, "Yarinya ce ta zauna ta yi wannan da hannunta, saboda ni." Tun daga shekarar, kowace Sallah sai wani yaro ya je mata.

Ba zan ce Inna ba ta da faɗa ba. Tana da shi, sosai ma. Ka zubar da zare ko ka yi wa ɗan'uwanka dariyar ɗinkinsa, za ka ji a jikinka. Amma ban taɓa ganin ta kori yaro daga zauren nan ba, ko da kuwa ya zo ne don a ce da shi aka yi.

Bayan sadakar uku na je Dukawuya in yi wa Iya Falmata ta'aziyya, don na san ba wanda zai tuna cewa ita ma an yi mata rashi. Yanzu ba ta gani ko kaɗan, ba ta kuma fita. Ta yi wa Inna addu'a mai tsawo, sannan ta ce a hankali, "Saudatu, to bana yaran ba za su zo ba ke nan?" Maganar nan ta tsaya min a rai. Na ce, "Za su zo, Iya." Na faɗa ne ban san ta inda zan fara ba.

Na sami Yaya Kabiru, babban ɗan Inna, wanda ke sayar da kayan roba a Wambai. Mutumin kirki ne, shi ya yi ta ɗawainiyar jinyarta. Ya ce ya riga ya yi tunani: zai kwaso kofuna da butoci daga shago a rarraba wa tsofaffi, sadaka ga Inna, buhun ƙyallen kuma a ba masu ɗinka matashin kai. Na ce, "Yaya, Allah ya ba da lada, a kai butocin. Amma buhun nan ba inda za shi. Ka ba ni makullin zaure." Ya dube ni ya ce, "Ke, Saudatu? Ke da har yau maɓalli ba kya iya sawa daidai?" Gaskiya ya faɗa. Na ce ai Inna ba ta taɓa neman gwani ba. Ya miƙo makullin.

Goman ƙarshe na shiga na buɗe zauren. Yaran suka zo, suna leƙen kekenta da aka rufe da zane. Na zazzage buhun da ita da kanta ta tara kafin ciwo ya kwantar da ita, na yi musu tambayarta kamar yadda take yi. Aikin bai yi kyau ba, ba zan ɓoye ba. Garin rogon ya yi ruwa, tutocin farko duk suka zubo, sai da muka sake. Na rantse ba za mu tashi ba sai kowane yaro yana da abin da zai riƙe. Rannan da la'asar Yaya Kabiru ya leƙo, ya daɗe a tsaye, sai ya naɗe hannun rigarsa ya zauna gaban gawayi yana huda ƙwallon dabino, aikin da yake yi mata tun yana yaro.

'Yarsa Ummi, jikar Inna, ita ta ambaci Iya Falmata. Ranar Sallah na raka ta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta sa mata jakar a hannu. Tsohuwar ta soma bin ɗinkin da yatsa, mu kuma muna kallo. Da ta iso inda zaren ya kauce ya cukurkuɗe, sai ta tsaya. Ta ce, "Ga shi nan. Ba a gyara ba." Ta jawo Ummi jikinta ta fashe da kuka, ni ma na kasa riƙe nawa.

Telolin Wambai, idan Allah ya kai mu Rajab za ku gan ni da buhu. Kada ku share abin da ya faɗi ƙasa.

Ya Allah, ka jiƙan Inna Hajara, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Yadda ba ta bar tsoho ya wuni shi kaɗai ranar Sallah ba, kada ka bar ta ita kaɗai a makwancinta. Ka ba Yaya Kabiru da ƙannensa da jikokinta haƙurin wannan rashi, ka albarkaci bayanta. Mu kuma da ta bar wa zauren, ka ba mu ikon buɗe shi duk shekara, har ranar da za mu miƙa makullin ga waɗanda ke zaune a tabarmar yau. Amin.