Ranar da Yaya Ya Bar Ta a Zaure

A Wurno aka haife ni, a gidan malamai. Kakanmu ya yi limanci a unguwarmu, babanmu ya karantar a zaure har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu yayana ya gaji zauren, ya kuma buɗe Islamiyyar 'yan mata a kangon da ke jikin gidan. Mu biyu ne kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Shi ya fara ɗora mini karatu, shi ya tsaya a matsayin uba ranar da aka kai ni ɗakin mijina a Goronyo. Duk abin da ya dame ni a duniya, shi nake fara gaya wa.

Maigidana manomin rani ne, yana albasa da shinkafa a ƙasan dam, wato madatsar ruwan Goronyo. Ɗiyarmu ta biyu ta zo daban da sauran. Har ta kai shekarun da ake aiken tsararta maƙwabta, ba ta haɗa kalma biyu ba. Ba ta kallon idon mutum. In aka tayar da injin niƙa a bayan gida sai ta toshe kunnuwa ta yi ta kaɗa jiki gaba da baya. Tuwo da miya in suka haɗu a kwano ɗaya ba za ta ci ba. Wuni take yi tana jera murafun kwalba a gindin bango, wanda ya taɓa su kuwa ya tsokano kuka.

Matan unguwa suka ce iskoki ne, wasu suka ce galahanga ce. An sha rubutu, an yi hayaƙi. A ƙarshe muka kai ta asibiti a Sakkwato, wata likita ta faɗa mana sunan abin da Turanci. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma abin da za a sha magani ya wuce ba ne, haka Allah ya tsara ƙwaƙwalwarta. Ta ce mu riƙa gaya mata abin da za a yi kafin a yi shi, kada kuma mu faɗa mata abin da ba za mu cika ba, don irinsu magana yadda aka faɗe ta suke ɗaukar ta.

Wani azumi da la'asar ina tsintar shinkafa ina tilawa da ka, sai na maƙale a tsakiyar wata doguwar sura. Na koma baya, na sake zuwa wurin, na sake tsayawa. Sai na ji an ɗora mini daga gindin bango. Ita ce. Ba ta ɗago kai daga murafunta ba, ta karanta ayar da ta ɓace mini, ta wuce ta gaba, ta yi ta tafiya har ƙarshen surar. Na ajiye faifan na zauna ina kallon ta. Yarinyar da in tana jin ƙishi sai ta ja zanina zuwa randa. Babu wanda ya taɓa koya mata. Babanta yana kunna karatun Alƙur'ani a wata tsohuwar waya ya bari kowace safiya kafin ya tafi gona, ashe duk abin da ke fitowa tana ajiyewa.

Na kira Yaya. Washegari ya hawo mashin ya zo. Ya zauna nesa da ita kamar yadda na gaya masa, ya riƙa jawo aya daga nan da can, tana ƙarasawa. Ya yi kuskure da gangan, sai ta buga tafin hannunta a tabarma, ta maimaita wurin daidai. Na ga ya cire tabarau yana goge ido da bakin rawani.

"Wagga baiwa ta," in ji shi. "Gadon gidanmu na Allah ya aje gare ta. Ku ba ni ita in tahi da ita Wurno."

Maigidana bai so ba. Ya ce yarinyar ba ta saba da kowa ba sai mu. Ni na dage. Na ce gidanmu ne, ga Inna, ga kawunta, wa zai riƙe ta ya fi su? Da ya ga na nace sai ya bari.

Gaskiya a farko Yaya ya yi abin da ban zata ba. Ya sa aka daina buga ƙararrawa a makarantar saboda ita. Ya ware mata wuri a gefen buzunsa, ya hana kowa zama a nan. Ba ta yarda a taɓa ta, amma shi takan kama bakin rigarsa ta bi shi daga gida zuwa makaranta. Maganarta ma ta ƙaru. Duk lokacin da na je ganin ta sai in tarar ta koyi sabuwar kalma, kuma mafi yawansu da "Kawu" suke farawa.

Sannu a hankali ta zama kunnen makarantar. 'Yan mata su zo su zauna gabanta su kawo hadda, tana kaɗa jiki tana kallon ƙasa, in aka tsallake harafi ko aka taƙaita inda ya kamata a ja, ta buga tabarma. Ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta da wadda take so ta rufa wa asiri. Yaya ya samu sauƙi, yana iya barin aji a hannunta ya je jana'iza ko ɗaurin aure. Iyaye suka fara kawo 'ya'yansu daga wasu unguwanni saboda an ce haddar makarantar ba ta da ɓaraka.

Ana nan aka shirya musabaƙa tsakanin makarantun yankinmu, aka ce a Rabah za a yi. A gabana Yaya ya durƙusa daidai tsayinta ya ce mata, "Za ki tahi Rabah da ni. Za ki hau ki yi karatu kowa shi ji." Ta maimaita, "Rabah da Kawu." Daga ranar ba ta da wata magana sai wannan. Na tuna masa da abin da likita ta ce, na kuma gaya masa lasifika na iya firgita ta, ko za a roƙi masu taron su rage ƙara in ta hau. Ya ce in bar masa komai, ya riga ya yi magana da su.

Na ɗinka mata hijabi sabo mai ruwan toka, don ba ta son launi mai ƙarfi. Na wanke shi sau da yawa don ya yi laushi kafin in aika da shi.

Ranar taron muka baro Goronyo da sassafe ni da babanta. Ya bar albasa tana jiran ruwa, ya ce ta jira. A Rabah an kafa rumfuna a filin wata makaranta, maza gefe, mata gefe, kujerun manya a gaba. Na samu wuri inda zan ga ƙofa. Da motar Wurno ta iso na miƙe. 'Yan mata suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya cikin fararen hijabai. Yaya ya fito daga gaba, direba ya rufe mota. Ban ga ruwan toka ba.

Na bi ta bayan rumfa na tare shi kafin ya kai wurin malamai.

"Yaya, ina ɗiyata?"

"Tana gida wajen Inna, lahiya lau take."

"Mi ya hana ta zowa?"

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ke ma ki duba wurin ga. Ga hakimai, ga baƙi daga Sakkwato, ga masu ɗaukar hoto. In ta hau ta toshe kunne tana kaɗa jiki, ko ta hwasa ihu, mi za a ce? Sunan gidanmu za a kira."

"Ba ka ce ka yi magana da su ba?"

Ya juya zai wuce, na sake shan gabansa.

"Ka ma ba da sunanta?"

"Ban ba da ba."

"Tun yaushe ka san ba ka zuwa da ita?"

"Ki bari mu koma gida mu yi magana," in ji shi, ya wuce, don an fara kiran malamai.

Ban zauna ba. Na aika aka kira mini maigidana, muka nemi mota zuwa Wurno. Mun daɗe a tasha kafin ta cika, sai bayan azahar muka isa.

A zaure muka same ta. Tana zaune a kan dakali cikin sabon hijabi, takalmi a ƙafa, jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Inna na tsugune gabanta da kwanon fura, da alama ta daɗe a wurin. Inna ta ce tun da safe da motar za ta tashi yarinyar ta kama rigar kawunta, sai ya zaunar da ita ya ce ta jira nan, zai kai waɗannan ya dawo ya ɗauke ta. Tun lokacin ba ta motsa ba. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, ko bayan gida ta ƙi zuwa.

Na zauna kusa da ita na ce ta tashi mu shiga ciki.

"Kawu ya ce in jira," ta ce.

Na ce Kawu ya yi nisa. Ta sake faɗin abin da ta faɗa. Babanta ya gwada, haka. Ba mu da abin yi sai muka zauna tare da ita, mu uku, muna kallon ƙofa kamar mu ma jiran muke.

Dab da magariba motar ta dawo. Tun daga nesa ake jin 'yan matan suna waƙe, makarantar ta zo ta ɗaya. Ɗiyata ta miƙe, ta gyara jaka a kafaɗa, ta fita ta nufi motar. Mutane na sauka ita tana ƙoƙarin hawa. Yaya ya sauko riƙe da kyautar da aka ba su, ta kama bakin rigarsa.

"Rabah da Kawu."

"An ƙare," ya ce. "Sai wani karo."

"Rabah da Kawu."

Ya janye rigarsa a hankali, don maƙwabta sun taru suna yi masa barka. Sai ta zube a ƙasa ta fara buga kanta da hannu, tana wani irin kuka da na daɗe ban ji ba. Babanta ya ɗauke ta cak, duk girmanta, ya shiga da ita gida. Da gari ya waye muka haɗa kayanta muka dawo Goronyo.

Ta daina karatu. In babanta ya kunna wayar da safe sai ta tashi ta kashe. Kalmomin da ta koya a Wurno suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ta koma jan zanina zuwa randa. Haka muka ci damina guda.

Yaya ya zo bayan girbi. Na ɗauka haƙuri ya zo bayarwa, na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Ya ce abin da ya yi don kare ta ya yi, taron ya fi ƙarfinta. Na ce in haka ne mi ya hana ya gaya mini, in zo in zauna da ita a gida, in shirya mata tun da wuri? Mi ya sa ya bar ni na ɗinka hijabi? Ya ce ya ji tsoron in na sani zan ɗauke ta kafin 'yan matan su gama shiri. Ya faɗe shi haka, kai tsaye, kamar ba wani abu ba ne. Sannan ya gyara zama ya ce haddar yaran ta fara rauni tun da ta tafi, ga wata musabaƙa na tahowa, ko za mu bari ta koma ko da na ɗan lokaci ne.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne, kuma yana girmama Yaya ƙwarai. Ranar ya ce, "Malam, ka sha ruwa ka kama hanya tun rana ba ta hwaɗi ba."

Karatun ya dawo mata da kansa, ba mu san dalili ba. Wata maƙwabciyarmu mai soya kifi, dattijuwa, tana jin kunyar shiga makarantar matan aure saboda ƙananan surori ma sun gagare ta. Takan shigo wurina da hantsi in ɗan ɗora mata. Wata rana ta karkace a wata aya ni ban ma lura ba, sai muka ji an buga tabarma daga ɗaki. Dattijuwar ta yi dariya ta ce, "To malama, hito ki gyara min." Ta fito.

Yanzu mata da yawa na zuwa tsakar gidanmu bayan la'asar, har daga Kagara akwai mai zuwa ranar kasuwa. Suna son ta don ba ta yi wa kowa dariya, ba ta kai labarin kowa waje, kuma in mace ta yi kuskure ɗaya sau goma, sau goma za ta gyara mata da murya ɗaya. Na gaya musu ƙa'ida tun farko: wadda ta ce za ta zo gobe, ta zo, in ba za ta iya ba ta aiko.

Ni da Yaya muna gaisawa. Ina zuwa Wurno saboda Inna, kullum kuma sai ta ce in yafe, jini ba ya tsinkewa. Nakan ce mata ina ƙoƙari. Ɗiyata ba ta sake taka garin ba, ban kuma tilasta mata ba.

Bara ɗaya daga cikin 'yan matan da suka je Rabah ta yi aure a Rimawa, nan kusa da mu, ta fara zuwa gidanmu tana kawo hadda don kada ta zube. Wata rana bayan sun gama ta tsaya taya ni wanke-wanke. Ta ce tana so ta gaya mini wani abu da ya daɗe a ranta. Ta ce ranar, da mota ta tashi, sun yi ta tambayar Malam ina take, har wasu suka ce ba za su hau ba in babu ita. Sai ya ce musu ba ta da lafiya, kuma ni uwarta ce na aiko na ce kada a tafi da ita. Ta ce sun daɗe suna jin haushina a kan haka.

Na ce mata ban aika ba. Ta ce ai yanzu ta sani. Muka ƙarasa wanke kwanukan, na raka ta bakin titi ta hau mashin.