Ranar da Bature Ya Auna Mini Hankali

Shekarar da albasa ta ruɓe mana a Kagara, wani Bature ya sauka Goronyo. Ba joji ba ne, ba likitan allura ba. Anka ce malami ne daga wata babbar makaranta ta Ingila, kuma aikinsa auna hankalin mutane. Kafin la'asar labari ya gama kasuwa: duk wanda hankalinsa bai cika mudu ba, Sakkwato za a kai shi, a sa masa mari a ƙafa tare da mahaukata.

Da anka ce kowane gari ya kawo mutum guda, mai gari ya ce a tura ni, tunda na yi aji biyu cur a elemantare. Ka ji amfanin ilimi. Surukina ya raka ni, wai don a sami mai kai wa ɗiyarsa labari.

Baturen na zaune gindin tsamiya da tafinta, da agogo a hannu. Ya ba ni 'yan katakai in jera, na jera. Ya nuna mini takardar da tawada ta ɓare a kai, ya ce me na gani. Na ce ɓarna. Ya rubuta. Duk motsin alƙalamin nan sai in ji sanyin ƙarfe a idon sawuna.

Sai tafinta ya ce, "Bature ya ce, mi as sunan ɗanka na hwari?"

Ɗan fari! A gaban surukina! Ni da ko a ɗaki "yaron nan" nake cewa. Na sunkuyar da kai. Agogo na ta ƙyas-ƙyas.

"Malam," na ce wa tafinta, "kai dai ka san ba a hwaɗi."

"Ni na sani. Shi cewa zai yi ka mance sunan ɗanka. Mai hankali na mance ɗa nai?"

Bature ya ɗaga alƙalami. Na hango kaina cikin mari, yara na jifa ta. Duk da haka sunan ya ƙi fitowa.

Sai surukina ya juya mini baya, ya cusa yatsu cikin kunnuwansa, ya daka tsawa: "Hwaɗi, ɗan nema! Ni ba ni nan!"

Na faɗa, da muryar ɗan tsako. Bature ya duba agogo, ya rubuta, ya sallame ni. Munka komo Kagara, ni da tsohon, ba wanda ya dubi wani. Ban sake furta sunan nan ba, kuma kada ku sa ran ganinsa a takardar nan.