Zaki Mai Takalmin Kambas a Cheras

Mun tashi da asuba daga Ipoh, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara huɗu, muka kama jirgin ƙasa na farko zuwa Kuala Lumpur. A jirgi har yanzu dole ne a sa takunkumi, amma rabin mutane sun saukar da nasu ƙasan hanci. Ta taga kuwa ba abin da ake gani sai gonakin kwakwar manja, har ido ya gaji.

Wata dattijuwa 'yar China ce ta gayyace mu, maƙwabciyarmu ta dā lokacin da muke zaune a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur ina karatu. Anti muke ce mata. A kwanakin kullen korona takan rataya mana ledar alayyafo a ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta koma. Cutar ta ɗauke mijinta a shekara ta biyu, ba mu ko samu zuwa gaisuwa ba. Sai ga saƙonta cewa bana za a dawo da jerin gwanon bikin wata na kaka, wanda aka dakatar, lallai mu zo.

Ni fa na so in ƙi. 'Yarmu ta tashi ne a ɗaki, hawa na goma sha huɗu. Idan ta ga baƙo sai ta shige bayan zanena, a waje kuwa ko uffan ba ta cewa. Maigida ne ya nace, ya ce, "Mu je mu gwada. In abin ya ƙi, mu dawo."

Da muka sauka muka fara bi ta layin kasuwar Masjid India. Wasu kantunan yadi da na sani sun rufe, waɗanda suka rage kuma mai shago har bakin titi yake biyo ka. Muka ci shinkafa da kaza a wurin 'yan mamak, Indiyawa Musulmi masu gidan abinci. Farashi ya hau, yankan kazar kuma ya sauka. Bayan azahar a Masjid Jamek muka nufi Cheras.

Anti ta rame sosai. Ta tarbe mu da kek ɗin wata, wani zagayayyen kek mai zaƙi da gwaiduwar ƙwai a tsakiya. Kafin in buɗe baki ta juyo kwalin ta nuna min tambari, ta ce da irin salon maganarsu, "Halal lah! Ci abinki." Ta miƙa wa yarinya fitilar takarda mai siffar kifi, amma ta ƙi karɓa, ta ɓoye fuska.

Bayan la'asar muka fita bakin titi. Wurin bautar su Anti yana can gaba, mu dai muka tsaya kusa da kasuwa. Da farko masu dogayen tutoci suka wuce, wani yana ɗora sandar tuta a goshi ba ya ko riƙewa. Sai wani dogon maciji na yadi, ja da ruwan zinariya, samari suna ɗauke da shi a kan sanduna yana murɗawa. Daga nan ganguna suka iso a kan mota, ƙararsu har a ƙirji nake ji. Na waiga na ga Anti tana hawaye. Ta ce mijinta ya fi shekara talatin yana buga babbar gangar nan. Na kama hannunta, ba ta sake ni ba har motar gangar ta wuce.

Ana haka sai ga zakuna biyu masu rawa, mutum biyu a cikin kowace riga. Ɗaya ya nufo mu yana ƙifta manyan idanu. Yarinya ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame ƙafata. Na sunkuya zan ɗauke ta mu tafi, Anti ta ce, "Dakata kaɗan." Zakin ya durƙusa a gabanta ya kwantar da kai a ƙasa. Yarinya ta leƙo, ta kalli ƙafafunsa, sannan ta ce da ƙarfi, "Mama, zakin ya sa kambas!"

Maigida ya fashe da dariya. Mai riƙe da kan zakin ta ɗaga shi, ashe budurwa ce, duk ta jiƙe da gumi, ta ɗaga wa yarinyar hannu. Da yara suka jeru da fitilunsu dab da magariba, 'yata da kanta ta karɓi kifinta ta shiga layi. Na bi ta ina cewa kada ta matsa kusa da mutane, maigida ya riƙe ni ya ce, "Bar ta." Ta yi tafiya har ƙarshen layin kasuwa tare da wata yarinya, suna hira, ita da Hausa, waccan da yarensu.

Mun kwana a Pantai Dalam wurin 'yan uwa ɗalibai, washegari muka koma Ipoh. A hanya na yi ta tunani. Shekara biyu ina ce wa yarinyar nan kada ta taɓa, kada ta matsa, sannan ina mamakin me ya sa take gudun mutane. Ashe tsorona ne na ɗora mata. Ranar Litinin na kai ta makarantar yara da ke bayan gidanmu, na miƙa ta hannun malamarsu, na tsaya a bakin ƙofa. Ta shige ciki, ni aka bari ina share ido.