Farar rigar da aka wanke da bula

A shekarun nan da aka yanko mu daga Kano aka ce mun zama Jigawa, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gumel. Da safe ina gaya wa ɗalibai cewa farin haske launi bakwai ne a dunƙule, suna rubutawa ba tare da sun yarda ba. Asabar da Lahadi kuma in saɓa kyamarar bidiyo in bi bukukuwa, daga Maigatari har Gagarawa. Ban iya zama wuri ɗaya ba a lokacin. In ina aji hankalina na kan kyamara, in ina riƙe da ita kuma ina tunanin takardun da ban duba ba.

Wanda ya sayar min da kyamarar a Kano darasi ɗaya ya ba ni. Ya ce kafin in fara ɗauka in nuna mata wani abu fari in danna maɓalli, ita kuma da wannan farin za ta auna sauran launuka. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ƙasarmu ba ta rasa farar riga.

Wata Asabar aka kira ni suna a Ɗanzomo. Kakan jaririn dattijo ne, tsohon dillalin shanu, wanda tun da yake bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ranar dai farin ciki ya sa ya kau da kai. Yana zaune a ƙofar gida cikin babbar riga fara tas, na auna kyamara a kan hannun rigar na danna. Abin da malamin kimiyya ya manta, wanda kowane mai wanki ya sani, shi ne farar riga da bula ake ɗauraye ta. Shuɗi ne a jikinta, ido ne kawai ya saba. Kyamara ba ta saba ba. Ta yi ta ƙara ruwan ɗorawa don ta kashe shuɗin, ta shafa wa kowa a fuska.

Na kai kaset, aka kalla, aka yi dariya, magana ta wuce. Bayan sati uku dattijon ya rasu.

'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya ce a Gagarawa, ta zo gidana da kaset ɗin a cikin jaka. Na yi mata ta'aziyya, maiɗakina ta kawo ruwa, ba ta sha ba.

"Malam, aikina ke nan, na san cutar shawara in na gan ta," in ji ta. "Baba bai taɓa yin ta ba sai a hannunka."

"Hajiya, kuskuren na'ura ne."

"Na'urar ita ta kai kanta Ɗanzomo?"

Ta ce wannan minti huɗun da ya fito a ciki, shi ke nan abin da za a nuna wa jikoki. Ba ta son su taso suna cewa kakansu majinyaci ne.

Washegari na hau mota zuwa Kano na sayo wani akwatin gyaran kala, na hannu, mai maɓallai uku na murɗawa da ɗan sanda guda. Littafinsa da Jamusanci yake, abin da ya ƙara masa kwarjini a idona. Ana haɗa shi tsakanin bidiyo biyu, ɗaya na nunawa ɗaya na kwafa, kai kuma kana tsakiya kana murɗa. Kwana goma ina fama, in wuta ta zo in bar abinci. In rage ɗorawa dattijo ya koma toka. In ƙara ja ya zama kamar wanda ya fito daga wajen gasa nama. Sai na gane inda matsalar take: sau ɗaya na taɓa ganin mutumin, shi ma ta cikin ramin kyamara, wanda baƙi da fari yake nunawa. Ina gyara fuskar da ban san launinta ba.

Na aika mata ta dawo. Ta zauna gaban talabijin, ni ina kan maɓallai.

"Wankan tarwaɗa ne?" na tambaya.

"Ya fi haka duhu. Amma ba baƙi wuluk ba. Ka san dabinon da ya bushe?"

Na murɗa.

"A'a, wannan ai ƙanensa ne ka kawo min. Koma."

Muka yi ta yi har la'asar ta gota. Duk komawa baya hoton kaset na ƙara dushewa, na gaya mata, ta ce ta ji. Daga ƙarshe ta ce in matsa. Ta sa yatsa a kan sandan, tana turawa a hankali kamar mai neman jijiya, idonta na kan goshin mahaifinta a talabijin. Bangon gidan ya koma wani iri, itacen darbejiyar da ke bayansa ya yi shuɗi-shuɗi. Na buɗe baki zan yi bayanin cewa a ƙa'ida an wuce gona da iri.

"Malam, darbejiya tana nan, kowa na iya zuwa ya gan ta. Danna abin kwafar."

Na danna. A idona ja ya yi yawa, har yau kuma ban sani ba ko haka dattijon yake, ko haka take son ta riƙe shi. Muka bar minti huɗun suka wuce. Inda ya juya yana yi wa wani dariya, ta ɗan ɗaga hannu daga cinyarta, ta mayar.

Da aka gama ta ce in ɓalle ɗan haƙorin nan na bayan kaset, kada wani ya ɗora wasan kwaikwayo a kai. Na ɓalle a gabanta, ta naɗe kaset ɗin a cikin gyale, ta fita neman motar Gagarawa.