Jirgin Baba a Tsakar Gidana

Ni ne ban yi daidai ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada mai karatu ya yi ta jira ko zan wanke kaina a gaba. Na ci mutuncin yayana a gaban mutane a kan abin da ban sani ba, na ɗauke jirgin ruwan da mahaifinmu ya bari na kai shi inda babu ruwa, na kusa kashe shi da hannuna ina ganin gyara nake yi.

Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, kusa da Dingaya, a bakin kogi. Amma ban tashi a can ba. Ni ne auta, kuma tun ban yi wayo ba kawuna ya ɗauke ni riƙo zuwa Birnin Kudu. A can na yi firamare, a can na koyi gyaran babur da injin ban-ruwa, a can na yi aure. Gida sai da sallah ko wani sha'ani. Abin da na sani game da jirgin shi ne yadda nake ganinsa idan na je da damina: kogi ya cika, Baba a tsaye da doguwar gora yana fiton mutane da awaki da buhunan taki zuwa gonakin tsallake. Da rani kuwa ban taɓa tambayar inda jirgin yake ba. Da Baba ya rasu, Yaya ya ci gaba da fiton. Gonarsa a tsallake take, haka ma ta rabin mutanen gari. In babu jirgi, sai a zagaya ta gada, tafiyar da ke cinye wa mutum safiya.

Da bazara matar Yaya ta haihu, na je suna. Kafin a fito da abinci na gangara kogi in wanke babur ɗina. Ruwa ya janye, saura yashi da wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa. A cikin gurbin na hango hancin jirgin ya ɗan leƙo. Na shiga har gwiwa na duba. Yana nutse, cike da laka, gansakuka ta kama gefensa, an kuma jibge manyan duwatsu a cikinsa.

Raina ya ɓaci. Ban ƙarasa wankin ba na koma gida, na tarar da Yaya a ƙofar zaure da surukansa da dattawan gari a kan tabarmi.

Na ce, "Yaya, jirgin Baba ne na gani a ƙarƙashin ruwa?"

Ya ce, "Shi ne."

"Da duwatsu a ciki?"

"E, ai ni na..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce abin da tsoho ya bari ya mai da shi juji. Na ce shi ba ya gyara ba ya bari a gyara, da ni aka bar wa da yanzu jirgin yana da inji. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Wani dattijo ya buɗe baki, Yaya ya ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Ya ce, "Auta, zauna ka ci abinci tukuna."

"Ba zan ci ba. Ɗauke shi zan yi."

Ya ce, "Kai ma ubanka ne. Yadda ka gani."

Sai daga baya na ji dalilin shirun mutane. Babu wanda ya yi tunanin ɗan Baba bai san abin da ya sa ake nutsar da jirgi ba. Sun ɗauka rabon gado nake nema, na fake da maganar duwatsu. Rigimar gado kuwa ba mai sa baki ranar suna.

Na ɗauki hayar a-kori-kura, muka zubar da duwatsun, muka jawo jirgin. Na shiga ɗakin ajiya na fito da tsohon injin jirgi da Baba ya taɓa saye a hannun wani bafatake, injin ya yi masa damina ɗaya ya mutu aka jefar a bayan buhuna. Duka na kai Birnin Kudu. Sai da na kwance zanan katanga ta gefe ɗaya kafin jirgin ya shiga tsakar gida, ya kwanta daga bakin madafi har gindin darbejiya. Matata ta tsaya riƙe da ƙugu.

Ta ce, "Malam, a ina zan yi shanya?"

Na ce kwana kaɗan ne.

Ni ƙarfe na sani. Ƙarfe in ya jiƙe tsatsa yake yi, kuma fenti ba ya kama jiƙaƙƙen abu. Don haka na kankare lakar, na wanke shi tas, na bar shi a rana ya bushe sosai. Da na ga inuwar darbejiya tana rufe bayansa, sai na sa maƙwabta suka taya ni muka matsar da shi tsakiyar rana. Ɗaya daga cikinsu, wani tela mai tsokana, ya ce, "Injiniya, ruwan ɗufana ake jira? In ya zo ka riƙe mini wurin zama, ni da kekena."

Kafin ya bushe na koma kan inji. Da na buɗe shi, zanzaro ya yi gini a cikin kafireta, fistan ya kafe kamar an yi masa walda. Na jiƙa shi da kananzir da baƙin mai ina bugawa a hankali da guntun katako, har ya motsa. Ringinsa ya karye, kuma ba a samun irinsa. Na zaga wajen 'yan gwangwan na samo na wani injin ban-ruwa, na goge shi da zarto sai da ya zauna. Gasket na yanka da kwali. Na sa sabon fulogi, na haɗa komai, sai ga wani ɗan siririn sifirin ya rage a cikin kwano. Na juya shi na juya, ban san daga inda ya fito ba. Na sake kwance injin gaba ɗaya, na sake haɗawa, wannan karon sifirin ya sami wuri amma wani wasa, ɗan zoben ƙarfe, ya rage. Har yau yana cikin akwatin kayan aikina.

Ana cikin haka jirgin ya fara magana. Da tsakar rana sai a ji ƙas, kamar an karya kara. Na duba, na ga tsaga tsakanin katako da katako, wadda da babu ita. Na ce to, ruɓewar da ruwa ya ɓoye ce take fitowa, na ƙara jin haushin Yaya. Na cusa auduga na zuba narkakkiyar kwalta. Kwana biyu sai wata tsagar ta buɗe a gefenta. Na toshe. Wadda na fara toshewa kuma ta ƙara faɗi, kwaltar ta narke ta zubo ƙasa. Kusoshi suka fara ɗagowa da kansu. Na buga su, suka shige ba tare da sun kama komai ba.

Na rasa gane kansa. Na ce gara ce, na sayo magani na fesa, ban ga gara ko ɗaya ba. Na ce ko kwaltar ce jabu, na canza. Na yanko kwanon rufi na lulluɓe tsagogin na kafe da ƙananan kusoshi, kowace kusa ta buɗe tata 'yar tsagar. Har na fara tunanin ko baki ne ya kama shi, saboda masu leƙowa sun yi yawa. Kaza ta shiga ta yi ƙwai a ƙarƙashin bencin baya. Matata ta ce ita dai ta ga amfaninsa.

Wata rana ta leƙa ciki ta ce, "Malam, ni fa ina hango ƙasa ta nan."

Na ce, "Ke me kika sani a jirgi?"

Ta ce, "Ban sani ba. Na dai san kwando."

Ranar da injin ya tashi na manta da duk wannan. Na ɗaure shi a bakin ganga cike da ruwa, na ja igiya na ja har kafaɗata ta yi tsami, sai ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama. Farfela ta watsa ruwa har kan kuɓewar da aka shanya a rufin madafi. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, ina hango fuskar Yaya idan na keta kogi a gabansa.

Ba a daɗe ba aka kira ni gyaran injin ban-ruwa a wata fadama wajen Kiyako. Mai injin wani manomi ne da na saba yi wa aiki. Ina tsugune ina kwance fulogi na hango wani ɗan kwalekwale a kududdufin da suke jan ruwa, a nutse, da duwatsu a ciki.

Na ce, "Ashe nan ma akwai marasa kula irin yayana. Na wane ne wancan aka bari yana ruɓewa?"

Ya ce, "Nawa ne. Wane irin ruɓewa?"

"To ga shi a ruwa."

"A ina kake so ya kwana, a kan gado? Jirgin katako ai ruwa ke riƙe shi. In ka bar shi a rana sai ya tsuke ya tsattsage. Kowa nutsar da nasa yake da rani." Ya dube ni. "Kai ba ɗan mai fito ba ne?"

Na ce masa wasa nake yi. Na gama aikin ban san yadda na gama ba.

Da na koma gida na sa mai garuwa ya juye ruwa a cikin jirgin. Kafin ya juye garwa ta biyu, ruwan ta farko ya bi ƙasa ya nufi madafi. Na jiƙa buhuna na lulluɓe shi, na mai da shi inuwa. Sai wani tunanin ya zo mini: in katakon ya kumbura, ina kwaltar da kwanon da na cika tsagogin da su za su je? In ɓamɓare ne ko in bari? Na ɓamɓare rabi, na tsorata, na bar rabi. Mutum ɗaya ne zai iya gaya mini, Yaya, lambarsa kuma tana cikin wayata. Nakan buɗe in kalle ta in rufe. Wannan ya fi zagin muni, don a lokacin na riga na sani.

Ruwa ya sauka. Aka yi shuka. Inna, mahaifiyarmu, ce ta sa aka kira mata ni.

Ta ce, "Auta, kogi ya kawo. Yayanka ta gada yake zagayawa da garma a ka. Mutane suna ta yi masa magana, wai ya bar ƙaninsa ya ƙwace jirgin gari ya kai birni."

"Shi me ya ce?"

"Cewa yake gyara kake yi, a yi haƙuri."

Washegari na nemo mota. Da muka isa mashigi, labari ya riga mu. Manoma suna tsaye da fartanyu, surukan Yaya ma suna ciki. Jirgin ya sha fenti shuɗi, daga nesa kamar sabo, har wasu suka ce madalla. Muka tura shi ruwa. Bai yi nisan taku biyu daga gaɓa ba ruwa ya fara tsartuwa ta ƙasa, ta gefe, ta inda na toshe da inda ban taɓa ba. Muna kallo ya cika ya zauna. Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi.

Yaya ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa wani, ya shiga ruwan. Ya bi jikin jirgin da tafin hannu, ya tsaya a wani katako da ya tsage daga tsakiya har baya, ya daɗe a wurin. Sannan ya ja shi zuwa wani lungu inda ruwa ba ya gudu, ya ɗaure shi a saiwar bishiya, ya fito ya ɗauki dutse ya koma.

Na ce, "Zai haɗe?"

Ya ce, "Sai ya sha tukuna. Wannan katakon da ya tsage dai ban sani ba." Ya juya ya kalli injin da ke kwance a gaɓa a kan buhu. "Ya tashi?"

"Ya tashi."

"Madalla."

Na ɗauki dutse na bi shi cikin ruwa da kayana a jiki. Na so in jira mu koma gida mu biyu, amma ba mu biyu ba ne ranar da na yi ɓarnar. Na juya ta yadda na gaɓa za su ji.

Na ce, "Yaya, ban san don me ake nutsar da shi ba. Wallahi ban sani ba, kuma ba gado nake nema ba. Kai kana kula da shi, ni na lalata. Na zage ka a gaban surukanka ranar sunan ɗanka, da na gane kuma na yi shiru na bar ka kana zagaye. Ku ma da na hana ku zuwa gona, ku yi haƙuri. Yaya, don Allah ka yafe mini."