Milimita Shida a Damtsen Mahmud

Gwaggo Taiba ƙanwar mahaifina ce, kuma a Talata Mafara in ka ce "mai awon damtse", ita za a nuna maka. A Maradun aka haife ta, aure ya kawo ta nan, ta yi ungozoma har gwiwa ta fara hana ta durƙuso. Daga nan ma'aikatan lafiya suka ba ta wani siririn ma'auni mai launi uku, ja da rawaya da kore, suka koya mata zagaya shi a damtsen hagu na yaro. Ba ta yi boko ba, amma ta riƙe karatun: a yanka santimita gida goma, kowane gida milimita ne, kusan kaurin farce. Yaron da damtsensa ya gaza milimita ɗari da sha biyar ya faɗa ja, tamowa ta ci shi, asibiti za a tura shi a ranar. Wanda ya haura kuwa, a ba uwarsa shawarar abinci ta koma gida.

Ni har tsiya nake mata. "Gwaggo, ke da ba ki ganin kafar allura, ina ke ina milimita?" Sai ta harare ni ta ce, "Rufe mani baki, ja'ira, ran ɗiyan mutane ne a cikin zanen nan."

Wata Talata da damina, Hasana ta zo. Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Birnin Tudu, ta kawo nono kasuwa, goye da ɗanta Mahmud. Yaron ya rame, ko kuka ba ya yi. A tsakiyar damtsensa na hagu, daidai wurin awo, ga kambu na fata an ɗinke shi tam. Kakansa ne ya sa aka yi masa da ya ga ciwon ya ƙi tafiya.

"A kwance wannan, 'yar nan," in ji Gwaggo.

Hasana ta ja da baya. "Gwaggo, ki rufa mani asiri. Baffa ya ce kada hannu ya taɓa shi."

Gwaggo mace ce mai ganin girman manya, ba ta taɓa ƙetare maganar tsoho a kan jikansa ba. Hannun hagu kaɗai kuma aka koya mata. Sai ta ɗora ma'aunin a kan fatar, tana cewa ai 'yar siririya ce. Ya nuna ɗari da sha takwas, rawaya. Ta yi wa Hasana bayanin kunun gyaɗa da wake, ta sallame su.

Hankalinta bai kwanta ba. Da kasuwa ta zagayo ba ta ga Hasana ba, ta hau kabu-kabu har rugar. Tun daga nesa ta hango tabarmi a shimfiɗe, maza zaune shiru. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An riga an kai Mahmud.

Da ta yi gaisuwa ta roƙi kambun, aka ba ta. Ta dawo gida ba ta ko cire mayafi ba, ta kira 'yata, ta auna damtsenta haka nan, sannan ta naɗa fatar ta sake aunawa. Milimita shida suka ƙaru. Ta zauna daɓas a bakin rijiya. Ashe Mahmud ɗari da sha biyu yake, cikin ja tsundum, ita kuma da bakinta ta ce a kai shi gida.

Wallahi na ji haushi. Na ji haushin tsohon, na ji haushin waɗanda ba su gaya mata hannun dama ma zai yi ba. Ita kam ba ta zargi kowa ba. Na ce, "Gwaggo, kwana ne ya ƙare." Ta ce, "Na sani. Amma ni aka ba awon."

Tun daga ranar ba ta sake awo a kan kambu ko riga ba. In uwa ta ji tsoro, Gwaggo da kanta take zuwa ta durƙusa gaban mai gida da gwiwar nan tata, ta roƙa, ta kwance da bisimilla, ta mayar in an gama. An zage ta, an ce ta raina magani. Ba ta fasa ba.

Bayan wasu damuna Hasana ta sake shigowa gidanmu, goye da ɗiya mace, Amira, ita ma a rame. Ba ta jira an tambaye ta ba, ta buɗe tafin hannunta. Kambun yarinyar ne a ciki, ta tsinke shi da kanta tun a hanya.

Gwaggo ta zagaya ma'aunin, ta kawo ido kusa, ta daɗe tana duba.

"Ja ne," ta ce, hawaye na zubo mata. "Alhamdulillahi, wannan na gan shi."

Ban taɓa jin an gode wa Allah a kan ja ba sai ranar. Ta karɓi zanen goyo, ta saɓa yarinyar a bayanta, ta ce wa Hasana, "Taho mu tafi asibiti."

Amira tana nan da ranta, har ta fara bin uwarta kasuwa.